Daminar da Malam Ya Shiga Rumbu

Bana ruwa ya yi mana rowa. Hadari sai ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta watsa mana shanya da kwanoni, sannan ya baje ya bar mu da zufa. Nan Madawa duk wanda ka gani kansa a ɗage yake. Jiya da la'asar ina zaune ƙofar ɗaki ina tsinkar zogale, sai na ji maƙwabcina yana faɗa a waya cewa shukar farko ta ƙone a wajen Tamaske, sai an sake. Hannuna ya tsaya cak cikin faifai. Shekaru sun haura talatin, amma da na ji sunan garin tare da ƙonewar shuka, sai ɗacin anza, abincin shekarar yunwa, ya dawo mini a baki.

Mu ba 'yan nan ba ne. Daga kudancin Kaduna ikilisiya ta aiko mu, ni da mijina Malam Bulus, mai bishara, da 'yarmu Rahila a goye. A garinmu ruwan sama roƙonsa ake ya tsagaita a samu a shanya citta. Aka tsallako da mu iyaka zuwa ƙasar Adar, wani ƙauye a gindin dutse bayan Tamaske, inda ƙasar ta fi dutse yawa da kaɗan kawai. Mun zo da taƙamar mun iya Hausa. Ranar farko mata suka kewaye ni a rijiya da "munka" da "kunka", na yi ta cewa "to" ban san abin da nake amsawa ba, har wata tsohuwa ta tambaya ko kurma ce aka kawo musu.

Aikin Malam ba mai yawa ba ne a ido. Rumfa ce ta kara, a nan yake wanke wa mutane gyambo, yana koya wa manya karatun boko, ran Lahadi kuma mu yi sujada. Masu zuwa sujadar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su ma yawanci baƙi ne irinmu. Maƙwabcinmu Arzika shi ya ara mana gona. Kakanninsa masu yi wa dutse yanka ne, shi kuwa mai salla ne har da tabo a goshi. Bai taɓa shiga rumfar Malam ran Lahadi ba, bai kuma taɓa cin tuwo bai aiko mana ba. Matarsa Hassu ita ta zama uwata a garin, uwa mai tsawa da dariya a numfashi ɗaya. "Ɗiyar Kudu" take kirana, har muka rabu ba ta kama sunana Saratu ba.

Shekarar da nake faɗa, bazara ta yi tsawo. Tun hantsi dutsen bayan gari yake mayar da zafi, ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar dole. Ruwan rijiya ya koma can ƙasa, guga ya fito da rabin laka, mu zauna mu jira ya taru. 'Yan sujadarmu suka tafi cin rani ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo da faɗuwar ruwa. Ran Lahadi Malam ya sa kwat ɗinsa ya tsaya gaban benci, ya yi mana wa'azi ni da Rahila, ita tana barci.

Da ruwan farko ya sauka, gari ya fashe da murna. Malam yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har cikin ƙirji. Hatsi ya tsiro, ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke. Muna kallo ya murɗe ya zama fari. Muka sake shuka da irin da Arzika ya ɗebo mana daga nasa, wannan ma iska mai rairayi ta binne shi. A lokacin rumbunmu ya riga ya ƙare tas. Buhun masarar da akan aiko mana daga Madawa ya daina zuwa, domin korama ta cinye hanya. Hassu ta koya mini anza, 'ya'yan wani itacen daji. A jiƙa ta, a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, a yi ta yi har ɗacin ya ragu, don bai taɓa fita duka. Muka ci tafasa, muka ci dusa, muka ci garin rogo da ruwa zalla. Nonona ya ja baya, Rahila ta koma kuka ba murya.

Shuka ta uku ce ta kama. Amma kafin ta kama, Malam ya riga ya tsaya.

Abin ya faro ne daga addu'ar safe. Ya buɗe Littafi, ya dube shi, ya rufe, ya ce, "Maman Rahila, yau ke yi." Gobe ma haka. Sai ya daina fita rumfa. Wata rana da hantsi na neme shi sama da ƙasa ban gan shi ba, sai ga takalmansa a gindin tsanin rumbu. Rumbunan Adar na laka ne, manya kamar ɗaki, bakinsu a sama. Na kama tsani na fara hawa, sai muryar Hassu ta tsallako katanga.

"Ke ɗiyar Kudu! Sabko! Mi kika biɗa cikin rumbun namiji?"

Na ce, "Inna, Malam ne a ciki."

Ta ce, "Mun sani. Tun shekaranjiya shina shiga. Nan garin mace ba ta leƙa rumbun mai gida, ko da hatsi ko babu. Sabko ki ɗora tukunya." Da na sauko ta zagayo ta kama hannuna, ta dube ni ido cikin ido. "Masassara ta kama Malam. Kin jiya? Kowa yat tambaye ki, masassara."

Jikinsa ko ɗumi babu, ita ma ta sani. Na ce mata to.

Daga ranar na mayar da aikina gindin rumbu. In jingina da bangon ina wanke anza, shi yana ciki, muryarsa tana fitowa ta sama a hankali. Da yarenmu yake magana, wanda ba mai ji a duk garin sai ni. Ya ce, "Saratu, ina kira ba a amsawa. Kamar mutum ya yi sallama a kango." Ya ce shi ya kawo mu nan mu mutu da yunwa, kuma yanzu bai san ko aiko shi aka yi ko shi ya aiko kansa ba. Ya gaya mini tsoron da yake ji tun yana yaro, da yadda kunya take kama shi in ya ga Arzika ya shimfiɗa buzu hankali kwance. Ni ba makarantar Littafi na yi ba. Saurare kawai nake. Zan faɗi abin da zai ba wasu mamaki: cikin duk zaman aurenmu ban taɓa jin daɗin mijina kamar a kwanakin nan na yunwa ba, domin a nan na san shi.

Ciyawa kuwa ba ta jiran mai ciwo. Ta taso ta shaƙe hatsinmu. Arzika ya bi gida-gida ya kira gayya, ya ce masassara ta kayar da Malam, ba a barin gonar maƙwabci ta lalace. Na tafi wurin Hassu ina hawaye, don mai gayya shi ke ciyar da mutane, ni kuwa ko tsabar da zan ba kaza babu. Ta ce in kawo ƙorena duka. Da sassafe mata suka yi ta shigowa ta bayan gida, kowa da 'yar furarta a ƙarƙashin zane, suna juyewa cikin ƙorena. Furar ruwa ce tsululu, ta shekarar yunwa, amma da rana ta take, daga ƙofar gidana ta fita a kan kaina, kowa ya sha ya ce, "Madalla da hurar gidan Malam."

Maza suka jera da hauya, mai ganga yana bayansu, kafin azahar gona ta yi fes. Da za su koma gari suka biyo ta gidanmu. Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a ƙofar ɗakin kwana, wanda ba kowa a ciki, suna cewa, "Malam, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Rumbu yana nan bayansu, ga takalma a gindin tsani, ba wanda ya waiga. Ni nake amsawa, "Da sauƙi." Da yamma Hassu ta kawo jiƙon wasu saiwoyi masu ɗaci, ta ce yana buɗe ciki. Na miƙa masa ya sha, ya ci abinci sosai a karon farko.

Da hanya ta gyaru, sai ga motar ikilisiya daga Madawa, da Fasto mai kula da mu da matarsa Mama Lidiya, da buhun masara. Mama Lidiya 'yar ƙasarmu ce, yarenmu ɗaya, ita ta yi mini faɗan aure ranar bikina. Malam ya daure ya fito, ya sa kwat, ya kai Fasto ganin gona. Mu kuma muka shiga madafa. Ta dube ni ta ce da yarenmu, "'Yata, wannan ramar ba ta yunwa kaɗai ba ce. Gaya mini." Wata nawa ban ji mace ta yi mini magana da harshen uwata ba! Kuka ya ƙwace mini. Ta rungume ni ta ce, "Abin da za ki faɗa, daga ni sai ke sai Allah." Na gaya mata komai, rumbu da addu'ar da ta ƙi fita da gayya da jiƙo. Ta yi kuka tare da ni, ta yi mini addu'a, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Har yau ban ga laifina ba. Ni ma mutum ce, kayan sun yi mini nauyi, in ban gaya wa uwar zumuntarmu ba, wa zan gaya wa?

Bayan tafiyarsu ruwa ya zauna sosai. Dutsen da na tsana ya yi kore, kwaɗi suka cika kududdufi, awaki suka fara sheƙi. Malam ya fito da kansa, ba wanda ya ce masa fito. Lokacin maimai, noma na biyu, ya ɗauki hauya ya bi bayan Arzika, suna noma tare, in sun gaji su zauna ƙarƙashin aduwa su sha ruwa a gora ɗaya. Wata safiya ya buɗe Littafi, ya ce, "Ubangiji, ga mu." Iyakar addu'ar ke nan, amma ni na san daga inda ta fito. Sannu a hankali ya koma rumfa wankin gyambo. Hatsi ya fid da kai, zangarniya ta yi kauri, irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Malam yana zagaya gonar yana lissafin inda zai ɗaure dammuna, har yana yi mini ba'a cewa bana sai na roƙe shi kafin ya auna mini.

Ana cikin haka direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo saƙon baki, wai a zo taron ma'aikata a Madawa. Muka hau saman kaya muna murna. Na gasa tumu daga gonarmu na ƙulle a ɗankwali, zan kai wa Mama Lidiya ta ɗanɗani sabon hatsi.

Majami'a ta cika. Ga masu bishara daga wajen Buza da Keita da Urno da matansu, ga baƙi Turawa biyu a gaba da mai yi musu fassara da Faransanci. Aka zo lokacin kawo batutuwan addu'a. Wannan ya ce rijiyarsu ta rufta, wancan ya ce ɗansa ba lafiya. Sai Mama Lidiya ta miƙe, ta gyara ɗaurin kai.

"'Yan'uwa, ina da nauyi a zuciya. Mu sa ɗan'uwanmu Malam Bulus cikin addu'a. Shaiɗan ya kai masa hari. Bakinsa ya rufe ga addu'a, ya ce yana kira ba a amsa masa. Yana wuni cikin rumbu kamar wanda ya taɓu. Har ta kai arna ne ke yi masa noma, suna ba shi jiƙonsu yana sha."

Mai fassara yana biye da ita jimla bayan jimla. Maganar da mijina ya yi mini da yarenmu ta bangon rumbu, na ji ta da Hausa a gaban jama'a, na kuma ji ta da Faransanci, Turawa suna gyaɗa kai cikin tausayi. Aka ce ya fito tsakiya ya durƙusa. Ya tashi, ya gyara kwat ɗinsa, ya fita. Hannuwa suka rufe masa kai da kafaɗu, aka yi ta tsawata wa Shaiɗan, mata suna kuka da gaske, domin yawancinsu da zuciya ɗaya suke yi. Abin da nake iya gani ƙeyarsa ce kawai, zufa na gangarowa cikin wuyan riga. Bai waigo ya dube ni ba. Ina zaune da tumu a cinya, na rasa wanda zan shaƙe.

Da aka tashi na tare ta bayan majami'a. Na ce, "Mama, kin ce daga ke sai ni sai Allah."

Ta ce, "To ai Allah na kai wa, 'yata. Nauyin juna muke ɗauka. Ko so kike mijinki ya hallaka a ɓoye?"

Na ce, "Ya warke, Mama. Da ƙafarsa ya fito."

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Yau dai ya fara warkewa." Ta wuce wurin rabon abinci. Tumun nan awakin gidan Fasto na zuba wa.

Washegari dattawa suka zauna, suka ce Malam yana bukatar hutu kusa da 'yan'uwa, kada ya koma cikin arna sai ya ƙarfafa. Hutun nan shi ne bai ƙare ba. Aka ba shi sharar majami'a da kaɗa ƙararrawa da tsaron ɗan shagon littattafai. Ni kaɗai aka sa a mota na koma ƙauye kwasar kaya. Na tarar da hatsinmu ya nuna, ya sunkuyar da kai, tsuntsaye na shawagi. Hassu ta shigo ina naɗe tabarma.

"Ina Malam? Kaka ta zo, shi ka hwara yanka gonatai."

Na ce ba zai dawo ba, manyanmu sun ji labarin rumbu.

Ta ce, "Wa yag gaya musu?" Na ci gaba da naɗe tabarma. Ta dube ni ta gane, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Kin gaya ma taku, ita ko ta kai kasuwa." Na ce ba kasuwa ba, wurin addu'a. Ta tafa hannu. "Aradu ban gane ba. Shi Allah naku sai an tara mutane shika ji?" Ta zauna ta taya ni ɗaure kwanoni, tana share hanci da bakin zane, tana yi mini faɗan ban iya ɗaurin kaya ba. Arzika ya yanke hatsin ya sussuka, ya aiko mana a kamiyo har Madawa. Muka ci tuwonsa har bazara, Malam bai taɓa cewa komai a kansa ba.

Bai taɓa tambayata wa na gaya wa ba. Bai yi fushi ba, bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Addu'arsa ta dawo, doguwa mai tsari, in aka ba shi rufe taro har a yi ta cewa amin da ƙarfi. Mutane suka ce ga shaida. A gida kuwa, in na ga ya yi shiru na ce, "Baban Rahila, me ke damunka?" sai ya ce, "Mun gode Allah." Ranar da aka ƙi mayar da shi aiki, mun gode Allah. Ranar da labarin rasuwar uwarsa ya zo, mun gode Allah. Na gwada da yarenmu, na gwada da wasa, na gwada da kuka, ya amsa mini da Hausa cikin ladabi kamar baƙuwa. Muka ƙara haihuwa, muka aurar, muka tsufa a ɗaki ɗaya a haka.

Yaran da ake aikowa aiki yanzu suna da waya a aljihu, in ƙunci ya kama su sai su kira uwarsu a gida. Har taro ake shirya musu a kan lafiyar zuciya, da mutanen da aka koya wa saurare da riƙe magana. Ina yi musu murna. An taɓa cewa in zo in yi wa matansu magana a matsayin tsohuwar hannu, na ce ƙafata na ciwo, kuma da gaske tana yi.

Malam ya rasu shekarun baya kaɗan, bayan gajeriyar jinya. Ranar zaman makoki Mama Lidiya ta zo, ta tsufa tukuf, jikarta na riƙe da ita. Ta zauna kusa da ni a tabarma, ta kama hannuna da nata biyu, idonta cike da hawaye na gaskiya. Ta ce da yarenmu, "'Yata, kin tuna ranar da muka ɗora masa hannu? Allah ya ji mu. Ciwon nan bai sake dawo masa ba, ko?"

Mata suna jiran in ce amin. Na zare hannuna a hankali. Na ce, "Ban sani ba, Mama. Daga ranar bai sake gaya mini ba."